Ganawar shiga makarantar likitan haƙori: tambayoyin da ake yi da yadda ake amsa su

Da zarar sakamakon BAC ya fito, ɗaliban seri C da D da suka ci da maki mai kyau sukan shiga neman gurbin karatun likita, a gida ko a waje. Kaɗan daga cikinsu ne ke nufar fannin haƙori tun da farko, alhali yana cikin fannonin da ƙasarmu ta fi ƙarancin ma'aikata. Wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori a ƙauyen da ke nesa da Maraɗi ko Tawa ya san abin da ake nufi. Ga waɗanda suka nufi wannan hanya, akwai wani mataki da ke kayar da ɗalibai masu ƙoƙari, wato ganawar baki da baki da ake yi kafin a ba mutum gurbi ko tallafin karatu. Minti 20 ne ko 30, wani lokaci awa guda, amma yana iya rushe wahalar shekara uku ta lise.

Inda ake yin ganawar

Ba kowace makaranta ke yin ta ba, don haka abin farko shi ne ɗalibi ya san tsarin inda ya nema. Makarantun da ƴan Nijar suka saba zuwa, irin na Dakar, Abijan, Bamako, Rabat, Kasablanka da Monastir ta Tunisiya, sun fi dogara da makin BAC, takardun ɗalibi ko jarrabawar rubutu. A Nijeriya, inda Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri ke da tsangayar likitan haƙori, ƙofar shiga ita ce jarrabawar JAMB da tantancewar da jami'a ke yi daga baya.

Ganawa ta fi ƙarfi a wasu wurare. A Birtaniya kusan babu makarantar haƙori da za ta ɗauki ɗalibi ba ta gana da shi ba. Ana rufe karɓar takardu a tsakiyar watan Oktoba, ɗalibi ya riga ya rubuta jarrabawar UCAT, sannan a kira waɗanda aka zaɓa a cikin watannin sanyi. Karatun shekara 5 ne. A Amurka sai mutum ya gama digirin farko, ya rubuta jarrabawar DAT, a gana da shi, sannan ya yi shekara 4. Faransa ta sauya tsarinta a 2020: waɗanda suka fi kowa maki a shekarar farko suna wucewa kai tsaye, na bayansu kuma sai sun bi ta jarrabawar baki. Wadda ta fi kusa da ɗalibanmu ita ce ta tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları. Ana buɗe nema a watan Janairu zuwa Fabrairu, ana buƙatar kashi 90 cikin 100 na maki ga masu neman likita, haƙori ko haɗa magunguna, kuma duk wanda ya tsallake tantancewar takardu sai ya zauna gaban kwamiti. Wanda aka ɗauka zai yi shekara guda yana koyon Turkanci kafin shekara 5 na karatun haƙori.

Siffar ganawar iri biyu ce. Akwai ta gargajiya: mutum biyu ko uku a bayan tebur, kai kaɗai a gabansu. Akwai kuma wadda ake kira MMI, wadda Jami'ar McMaster ta Kanada ta fito da ita a farkon shekarun 2000. A nan ana jera ɗakuna ko tebura da yawa, kowanne da tambayarsa da mai ba da makinsa. Ka karanta tambaya a ƙofa, ka shiga, ka yi minti 5 zuwa 10, ƙararrawa ta kaɗa, ka wuce na gaba. Dalilin ƙirƙiro ta shi ne kada ra'ayin mutum ɗaya ya yanke wa ɗalibi hukunci. Amfaninta gare ka kuwa, in ka yi tuntuɓe a ɗaki na biyu, mai ɗaki na uku bai sani ba. Ka bar abin a can, ka shiga da sabuwar fuska.

Abin da suke nema

Makinka sun riga sun gani, shi ya sa ma suka kira ka. Ba su zaunar da kai don ka sake karanto musu darasin ilimin halittu ba. Abin da ke ransu shi ne: wannan yaron ko yarinyar, nan da shekara shida, za mu iya sakar masa bakin mutum yana riƙe da allura da injin huda haƙori? Yana sauraro? In bai san abu ba, zai ce bai sani ba, ko zai yi ta kame-kame? Ya san wahalar aikin, ko farar riga kawai ya hango?

A nan tarbiyyarmu takan zame wa ɗalibi cikas ba tare da ya sani ba. An koya mana sunkuyar da kai gaban manya, da rage murya, da barin babba ya gama magana ko da ya yi kuskure. Wannan ladabi ne a Tasawa ko Madawa. A gaban kwamitin Turawa ko Turkawa kuwa, wanda ya ƙi ɗaga ido ana iya ɗaukarsa marar tabbas, ko mai ɓoye wani abu. Ba a ce ka zura wa dattijo ido ba. Ka dube shi lokacin da yake tambaya, ka juya ga sauran lokacin da kake amsawa, muryarka ta kai ƙarshen ɗaki. Ƴan mata sun fi fama da wannan, kuma su ne ya kamata su fi yin atisaye a kai.

"Me ya sa haƙori?"

Wannan tambaya ba ta fashi, kuma a kanta aka fi zubar da maki. Amsar da kwamiti ya gaji da ji ita ce "ina son taimakon al'umma". Malamin makaranta ma yana taimakon al'umma, haka mai haƙar rijiya. Ta biyu ita ce "tun ina ƙarami nake mafarkin wannan aiki". Babu wanda zai iya tabbatar da mafarki.

Amsa mai nauyi tana da abu uku a cikinta, ko da ba a jere ba: wani abu da ka gani da idonka, abin da ka yi bayan ka gan shi, da abin da ka gano game da aikin da kuma kanka. Misali, ɗaliba tana iya cewa: "A unguwarmu in haƙori ya dami mutum, sai ya sayi ƙwaya a tebur ya sha har kumatu ya kumbura, sannan a tafi asibiti a cire. Na ɗauka haka abin yake ko'ina. Da na je sitaj na mako biyu a sashen haƙori na asibitin jiharmu, sai na ga ana cike haƙorin da da an bar shi wata uku sai cirewa. Abin da ya ja ni shi ne aikin yana haɗa ilimi da hannu, kuma mutum ya shigo yana riƙe da kunci ya fita yana magana." Kun ga ba ta yabi kanta ba ko sau ɗaya, amma an san ta je, ta gani, ta yi tunani.

Sai ƙanwar wannan tambaya, wadda ta fi ta kaifi: "Me ya sa ba likitan jiki gaba ɗaya ba?" Gaskiyar magana, ɗalibai da yawa a wajenmu likita suka so, haƙori ya zo a na biyu. Kwamiti ya san haka. In ka ce ba ka taɓa tunanin likita ba, da wuya su yarda. In kuma ka ce "ban samu can ba ne", ka rufe wa kanka ƙofa. Hanyar tsakiya ita ce ka yarda ka duba duka biyun, sannan ka faɗi abin da ya bambanta haƙori: likitan haƙori shi ke gano ciwon, shi ke tsara magani, shi ke yin aikin da hannunsa, sau da yawa a zama ɗaya; yana bin majiyyaci da iyalinsa shekara da shekaru; kuma rabin aikinsa rigakafi ne. Kada ka kushe likitanci don ka ɗaga haƙori. Wataƙila ɗaya daga cikin masu tambayar likitan jiki ne.

Batun kuɗi fa? Kowa ya san likitan haƙori mai asibitin kansa a Yamai ba ya kwana da yunwa. Ba laifi ba ne mutum ya so sana'ar da za ta riƙe shi da iyayensa. Amma kada ya zama shi ne kan maganarka, in ba su tambaya ba ma ka bar shi.

Aikin hannu

Nan ne ganawar haƙori ta rabu da ta likita. Likitan haƙori yana aiki a wuri ƙanƙane, mai duhu, mai yawu, a kan abin da ake aunawa da milimita, kuma sau da yawa ta cikin ɗan madubi yake kallo, inda dama ta koma hagu. Shi ya sa jarrabawar DAT ta Amurka ke da sashe guda na gane siffofi da kusurwoyi, kuma a Kanada a da akan ba masu nema sabulu su sassaƙa. A wasu ganawar MMI ana iya miƙo maka waya a ce ka lanƙwasa ta ta yi daidai da zane, ko a ba ka zare da allura.

In aka tambaye ka "me kake yi da ke nuna hannunka ya iya aiki mai laushi?", ɗalibin Turai zai ce yana kaɗa piyano. Ɗalibinmu kuma sai ya yi shiru, yana ganin ba shi da abin faɗa, alhali ya fi kowa. Ɗinkin hula da allura, aikin wuyan riga, zanen lalle, kitso ƙanana, dukanci irin na Damagaram, ƙirar azurfa irin ta Agadas, saƙar tabarma da faifai, gyaran salula da ake kwance ƙananan kusoshi ana liƙa waya da dalma, rubutun allo da zayyana: duk waɗannan aikin ido da yatsu ne da haƙuri. Kada kunya ta hana ka faɗa don kana ganin abin gida ne. Ka bayyana shi yadda baƙo zai gane: tsawon lokacin da hula ɗaya ke ci, yadda kuskuren ɗinki ɗaya ke sa a warware layi guda, yadda hannunka ya canza daga ta farko zuwa ta goma. In an yarda a shigo da kaya, ka zo da ɗaya a aljihu. In ta intanet ne, ka ajiye kusa.

Wanda ba shi da irin wannan sana'a, watanni uku sun isa ya fara. Abin da ba a so shi ne ƙarya, don tambaya ta biyu za ta tona ta.

Abin da ka gani a asibiti

Gani ya kori ji. Kafin ganawa, ka nemi izini ka zauna ko da kwana biyar ne a sashen haƙori na asibiti ko wajen likita mai zaman kansa. In garinku babu, CSI ma wuri ne: ka ga yadda majo ke karɓar mai ciwon haƙori, me yake iya yi, me yake turawa gaba. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta abin da ka lura da shi kowace rana, ban da sunan majiyyaci.

Da za a tambaye ka, ba jerin ayyukan da ka kalla ake so ba. "Na ga an cire haƙori, na ga an wanke, na ga an cike" ba amsa ba ce. Ka ɗauki abu ɗaya ka tsaya a kai. Yadda likita ya shawo kan yaron da ya ƙi buɗe baki, ya fara nuna masa madubin a hannunsa, ya ƙirga masa haƙora da wasa kafin ya taɓa komai. Ko yadda ake dafa kayan aiki a tukunyar tururi bayan kowane mutum, da dalilin haka: ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau suna bin jini. Ka faɗi abin da bai yi maka daɗi ba ma, kamar ciwon baya da wuya da likitocin ke fama da shi saboda sunkuyo, ko ranar da wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Wanda ya ga wahalar aiki ya ce duk da haka yana so, an fi yarda da shi.

Ɗan ilimin da ya kamata ka riƙe

Ba za su tambaye ka abin da sai a shekara ta uku ake koyarwa ba. Amma abin kunya ne mai neman wannan fanni ya kasa faɗin cewa babba yana da haƙora 32, yaro kuma 20 na nono. Ka iya bayyana yadda haƙori ke ruɓewa da kalmomi masu sauƙi: ƙwayoyin cuta da ke manne a jikin haƙori suna cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori har ya yi kogo. Babu wata tsutsa a ciki, ko da yake har gobe akwai masu cewa sun ga an fitar da ita. Ka san cewa yawan lokutan da ake shan zaƙi a yini ya fi yawan sukarin kansa illa, abin da ya shafi masu shayi zagaye uku safe da yamma. Ka san ciwon dasashi da ciwon suga suna ƙara wa juna ƙarfi, kuma taba, ta sha ko ta tauna, tana cikin manyan sanadin sankarar baki.

A matakin duniya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ke fama da cututtukan baki. Ranar 20 ga Maris ita ce ranar lafiyar baki ta duniya. Mai neman makaranta a Turai ya san cewa Tarayyar Turai ta hana cikon haƙori mai sinadarin zaiba daga Janairun 2025, sai in likita ya ga larura, bisa tafarkin yarjejeniyar Minamata ta 2013. Mai neman Birtaniya kuma ya karanta ƙa'idoji 9 na hukumar GDC da ke kula da likitocin haƙori a can, don suna yawan fitowa.

Amma abin da zai bambanta ɗan Nijar da sauran shi ne abin da ya sani na gida, kuma abu biyu ne manya.

Na farko cutar noma, ba noman gona ba, cutar da ke cin fuskar yara. Tana kama yara ƙanana, galibi ƴan shekara 2 zuwa 6, masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Tana farawa da kumburin dasashi da warin baki, cikin kwanaki kaɗan ta huda kunci ta ci leɓe, hanci har da ƙashi. In ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 na yaran suna mutuwa, alhali in an gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tsabtar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Damagaram gidauniyar Sentinelles ta Suwizalan ta daɗe tana kula da irin waɗannan yara, a Sakkwato kuma akwai asibiti guda na noma tun 1999. Sai a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yawancin ɗaliban da za ka yi takara da su a littafi kawai suka taɓa ganin sunanta, in ma sun gani.

Na biyu sinadarin fuloraid. A Turai muhawarar ita ce ko a ƙara shi a ruwan famfo don ya kare haƙora, kuma suna son tambayar ra'ayin ɗalibi a kai. Mu kuwa mun ga ɗaya fuskar. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a shekarun 1980 yana ɗauke da fuloraid fiye da kima, ya ninka ma'aunin miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Haƙoran yara suka yi ja, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ɗalibin da zai iya cewa kaɗan daga sinadarin yana ƙarfafa haƙori, da yawa kuma yana nakasa, saboda haka maganar ta ma'auni ce da sa ido a kan ruwa, ya ba da amsar da ta fi ta littafi.

In maganar asuwaki ta taso, kada ka yi saurin kushe shi don ka burge Bature. An yi bincike a kansa, kuma yana cire dattin haƙori in an iya amfani da shi. Abin da ba shi da shi shi ne adadin fuloraid da ke cikin man goge baki.

Tambayoyin "me za ka yi in..."

Waɗannan su ne masu sa gumi. Za a ba ka labari a ce ka yanke. Ba amsa ɗaya ake jira ba, hanyar tunaninka ake kallo. Akwai ginshiƙai huɗu da malaman ɗa'ar likitanci Beauchamp da Childress suka shimfiɗa a littafinsu na 1979, kuma har yau da su ake aiki: mutunta zaɓin majiyyaci, yi masa abin da zai amfane shi, kauce wa cutar da shi, da adalci tsakanin mutane. Ba a so ka rero su kamar karatun allo. Ka sa su aiki a cikin labarin.

Ga misali. Magidanci ya zo da haƙorin turmi mai kogo. Ana iya ceto shi, amma sai ya dawo sau uku kuma kuɗin ya fi. Ya ce shi dai a cire, daga ƙauye ya zo, damina ce, ba zai iya dawowa ba. Ɗalibi mai gaggawa zai ce "zan ƙi cirewa, don ba shi ne mafi kyau ba", ko "zan cire, ai bakinsa ne". Duka biyun sun yi sauri. Mai natsuwa zai fara da tambaya: ya fahimci abin da zai rasa? Ya san giɓin zai sa maƙwabtan haƙorin su karkata, tauna ta ragu? Kuɗi ne matsalar, ko tafiya, ko tsoro? Akwai hanyar rage zuwan, ko a kashe zafin yau a ɗage sauran zuwa bayan girbi? In an yi masa bayani da harshen da yake ji, ya gane, ya ce har yanzu a cire, to babba ne mai hankali, zaɓinsa ne, kuma cirewar magani ce karɓaɓɓiya. A rubuta abin da aka tattauna a takardarsa.

Labarin yakan juya. In lafiyayyen haƙori ne mutum ya ce a cire ko a feƙe don a sa masa na zinariya irin haƙorin Makka, nan zaɓinsa ya ci karo da kauce wa cutarwa, kuma likita yana da ikon ya ce ba zai yi ba, cikin mutunci. In yarinya ce ƴar shekara 7 da kumburi ya kai ido, uba ya ce sai an gama na gargajiya, to ba a jefa masa baƙar magana, ba a kuma sallame su haka nan: a nuna masa hatsarin ƙarara, a kira babban likita, don ran yaro ya wuce gaban komai. In miji ne ya zo yana tambayar abin da aka gani a gwajin jinin matarsa, sirrin majiyyaci nata ne, ko da shi ya biya kuɗin. Wannan na ƙarshe yakan yi wa ɗalibanmu nauyi saboda yadda muka saba, amma a ganawa babu sassauci a kai.

Akwai kuma na abokin karatu da ka kama yana satar amsa, ko likitan da ka ji warin giya a bakinsa zai shiga aiki. A na biyun, majiyyaci ake fara karewa: ba zai taɓa kowa ba a ranar, sannan a sanar da na sama. "Zan rufa masa asiri" amsa ce da ke kayar da mutum nan take. Kuma a duk irin waɗannan, tuna cewa kai ɗalibi ne. Cewa "zan nemi shawarar malamina" ba gazawa ba ce, muddin ka faɗi abin da kai kake gani tukuna.

A MMI wani ɗakin ɗan wasan kwaikwayo za ka tarar, yana fushi ko yana kuka, a ce ka ba shi labari marar daɗi ko ka kwantar masa da hankali. Ka gaishe shi, ka faɗi sunanka, ka zauna, ka bar shi ya yi magana. Shiru na daƙiƙa biyar ba laifi ba ne. Mu da muke aikin rediyo mun san yadda shiru ke tsorata mai magana, har ya cika shi da surutu. A wannan ɗakin mai surutu shi ke faɗuwa.

Tambayoyi a kan kanka

"Faɗa mana rauninka." Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Ina da son aiki fiye da kima" kowa ya san dabara ce. Ka faɗi na gaske wanda ba zai hana ka aikin ba, tare da abin da kake yi a kai: kana jin nauyin magana a taro, shi ya sa ka shiga ƙungiyar muhawara ta lise, kana barin karatu sai jarrabawa ta matso, shi ya sa ka koma tsarin mako-mako. In aka ce ka ba da labarin lokacin da ka yi aiki cikin ƙungiya ko ka sha kaye, ka faɗi halin da ake ciki a jimla biyu, ka daɗe a kan abin da kai ka yi, ka rufe da yadda ta ƙare. "Mu" tana da daɗi a bakin Bahaushe, amma a nan suna son jin "ni".

Masu ba da tallafi kuma ba sa barin tambayar "in ka gama, za ka koma gida?" Kowa "e" yake cewa. Wanda ya ce zai koma, ya kuma faɗi inda yake son aiki da dalili, misali cewa yawancin likitocin haƙori suna tattare a babban birni, shi kuwa yana son haɗa duba bakin yara da cibiyoyin kula da tamowa a jiharsu, shi ne aka ji ya yi tunani. Ka kuma san makarantar da ƙasar: shekarun karatu, harshen koyarwa, shekarar da ɗalibi ke fara taɓa majiyyaci. In sun ce "kana da tambaya?", irin wannan za ka yi, ba nawa ne kuɗin abinci ba.

Harshe da shiri

Yawancinmu da Hausa ko Zabarmanci muke tunani, mu yi karatu da Faransanci, ganawar kuma wataƙila da Ingilishi. Kada ka haddace amsa kalma da kalma. Mai hadda ana gane shi daga idonsa, kuma da an katse shi sai zaren ya tsinke. Ka riƙe manyan maki uku na kowace amsa, ka faɗe su da kalmomi dabam-dabam har sau goma. Ka ɗauki muryarka a salula ka saurara. Za ka ji "eee" da "bon" da ba ka san kana yi ba. Amsa ta tsaya tsakanin minti ɗaya da biyu. In ba ka gane tambaya ba, ka roƙa a maimaita. In ba ka san amsa ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka tunkari abin. Yawan harsunanka ma abin faɗa ne: likitan da zai yi wa tsohuwa bayani da Hausa, ya rubuta takarda da Faransanci, ya karanta bincike da Ingilishi.

Ka sa malaminka ko wani babba da kake jin nauyinsa ya yi maka ganawar gwaji, da agogo a gabansa. Aboki ba zai matsa maka ba.

In ido da ido ne, ka isa da rabin awa, da takardunka na asali da kwafinsu, da tufafi masu tsabta, na gida ko na Turawa, duk wanda ka fi sakewa a ciki. In ta intanet ne, ka lissafa bambancin awa: Turkiyya tana gaban Nijar da awa 2, Ingila kuma a lokacin sanyi tana bayanmu da awa 1. Ka cika batir, ka tanadi layi na biyu na wani kamfanin dabam, ka zauna inda haske ke fuskarka, ka gargaɗi ƴan gida da ƙannen da ke shigowa ba sallama. Ka rubuta adireshin imel ko lambar ofishin a takarda tun kafin ranar, don in layi ya yanke ana tsakiyar magana, ka aika musu saƙo cikin minti biyar ka nemi a sake haɗawa.